Yadda ake karanta dayarin shahararren jarumin fim

Duk lokacin da aka buga dayarin wani shahararren jarumi, wato littafin da yake rubuta abin da ya faru da shi rana bayan rana, 'yan jarida ne ke riga kowa kutsawa ciki. Su tsamo inda ya caccaki darakta, inda ya yi wa abokiyar aikinsa shaguɓe, inda ya ce fim kaza ya fita daga ransa, su jera su a shafi guda. Mai karatu ya nemi littafin da zaton haka yake tun daga bango har bango, sai ya tarar da ɗaruruwan shafuka na tashi da asuba, jiran jirgi, ciwon baya da sunayen mutanen da bai taɓa jin labarinsu ba. Kafin ya kai shafi na hamsin ya ajiye.

Dayari yana da nasa salon karatu. Wanda ya rubuta shi bai san abin da gobe za ta zo da shi ba, saboda haka babu zubin labari, babu gabatar da mutane, babu ƙarshen da aka shirya. Ga shi kuma mai rubutun mutum ne da sana'arsa ita ce sa jama'a su yarda da abin da ya nuna musu. Abin da zai amfane ka yana cikin abubuwan da ya yi ta maimaitawa shekara da shekaru, da waɗanda ya yi gum a kansu. Matakan da ke ƙasa hanya ce ta kaiwa gare su.

Mataki na 1: Gane irin dayarin da ke hannunka

Kafin komai, duba shekarar da aka buga littafin, ka gwada ta da shekarar rasuwar mai shi.

Akwai wanda aka buga bayan mai shi ya kwanta dama. Richard Burton, jarumin fim ɗan Wales, ya rasu a 1984, dayarinsa bai fito ba sai 2012. Kenneth Williams, ɗan wasan barkwancin Ingila, ya rasu a 1988, nasa ya fito a 1993. Alan Rickman ya rasu a Janairun 2016, nasa ya fito a 2022. A irin waɗannan, mai rubutun bai sami damar goge komai ba, amma wasu sun goge masa.

Akwai wanda mai shi ya fitar da hannunsa yana raye. Charlton Heston ya buga nasa na 1956 zuwa 1976 a 1978, yana tsakiyar sana'a, yana kuma bukatar mutanen da ya ambata a ciki. Michael Palin ya fara fitar da nasa a 2006, juzu'i bayan juzu'i. Kada ka sa ran irin waɗannan za su tona abin da zai ɓata zumunci. Alec Guinness ma ya wuce nan: wanda ya fito masa a 1996 ya rubuta shi ne da sanin za a buga, don haka kusan hira ce da masu karatu, aka yi mata kwanan wata.

Sai ƙaramin dayari na aikin fim guda, kamar wanda Emma Thompson ta fitar a 1995, ko rubutun da Carrie Fisher ta yi a 1976 tana 'yar shekara 19, ta tono shi ta buga a 2016 tare da sharhinta na girma, makonni kaɗan kafin rasuwarta.

Idan karon farko ne, fara da ƙarami ko da na Palin, wanda ke tafiya cikin sauƙi. Idan ingancin rubutu kake so, na Burton ne. Na Williams yana da nauyi a zuciya, a bar shi sai an saba.

Mataki na 2: Karanta gabatarwar edita da alƙalami a hannu

Yawancin mutane suna tsallake wannan, alhali nan ne ake faɗa maka hannun da rubutun ya ratsa kafin ya iso gare ka. Dayarin Burton matarsa ta ƙarshe, Sally, ce ta miƙa wa Jami'ar Swansea da ke Wales a 2005. Masanin tarihi Chris Williams ya tace shi, maɗaba'ar Jami'ar Yale ta buga. Tun a 1988 Melvyn Bragg ya yi amfani da wasu sassansa a tarihin rayuwar jarumin da ya rubuta, wato an daɗe ana jin gutsattsarinsa kafin a ga gundarinsa. Na Rickman kuwa Alan Taylor ne ya tace, kuma matarsa Rima Horton ta rubuta jawabin rufewa.

Abu huɗu za ka nema. Wa ke da mallakar takardun, kuma me zai so a gani ko a ɓoye? Nawa aka buga daga cikin abin da aka rubuta? Da wane ma'auni aka yanke? Wace alama ce ke nuna inda aka cire wani abu?

Tambaya ta biyu ta fi girgiza mutum. Kenneth Williams ya yi rubutu daga 1942 zuwa 1988, kalmomi sama da miliyan 4. Littafi mai shafi 800 da ƙyar zai ɗauki kashi ɗaya cikin goma na wannan. Ke nan Williams ɗin da ka sani ta hanyar littafin, wanda edita Russell Davies ya zaɓo maka ne. Edita yakan fi ɗaukar ranar da aka yi faɗa ko aka yi kuka, ya bar ranakun da mutum ya tashi lafiya ya kwanta lafiya, domin ba su da abin karantawa. Sakamakon haka kusan kowane mai dayari yakan fito da zafin rai fiye da yadda yake a zahiri. Riƙe wannan a ranka har ƙarshen littafin.

Alamar yanka yawanci ɗigo uku ne cikin baka mai kusurwa, kamar haka […]. Wasu editoci suna sa ta ko'ina suka taɓa, wasu kuma su faɗa maka tun a gabatarwa cewa ba za su sa ba don kada shafi ya cika da ɗige-ɗige. Idan littafinka na biyun ne, kada ka taɓa kafa hujja da cewa mutumin bai ambaci abu kaza ba a rana kaza.

Akwai kuma hannun lauya. A dokar Ingila mai rai yana iya kai ƙara kan ɓata suna, amma ba a shigar da irin wannan ƙara a madadin mamaci. Shi ya sa za ka ga an bar kalamai masu zafi a kan waɗanda suka rasu, an sassauta ko an ɓoye sunan waɗanda ke raye. Rashin suka ga wani a littafin ba shaidar ƙauna ba ce. Wataƙila dai yana da rai lokacin bugawa.

Mataki na 3: Zana tarihin mutumin a takarda guda

Nemi taƙaitaccen tarihinsa a intanet ko a farkon littafin, ka kwafe manyan shekaru a takarda ɗaya, ka ninke ta ka sa a cikin littafin. Haihuwa, aure, saki, mace-macen na kusa, manyan ayyuka, rashin lafiya. Kada ya wuce layi ashirin.

Ga yadda ta Burton za ta kasance. An haife shi a Nuwamban 1925 a ƙauyen Pontrhydyfen da ke Wales, na 12 cikin 'ya'ya 13 na wani mahaƙin kwal. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 2, yayarsa Cecilia ta raine shi. Sunansa na yanka Richard Jenkins, Burton kuwa sunan malaminsa ne, Philip Burton, wanda ya karɓi riƙonsa a 1943. Ya koma Suwizalan da zama a 1957. Ya auri Elizabeth Taylor a 1964, suka rabu a 1974, suka mayar da aure a Botsuwana a 1975, suka sake rabuwa a 1976. Yayansa Ifor ya faɗi a gidan Burton da ke Céligny, a Suwizalan, a 1968, ya karye a wuya, jikinsa ya shanye, ya rasu a 1972. Sau 7 ana sa sunan Burton a takarar kyautar Oscar, bai taɓa ɗauka ba.

Da wannan takarda a gefe, layin da da za ka wuce shi sai ya tsayar da kai. Ka ga ya rubuta cewa ya je asibiti ya dawo ba ya son magana da kowa, ka duba shekara, ka gane wa ya je dubawa.

Mataki na 4: Sunaye

A bayan takardar nan, buɗe jerin mutane. Masu dayari ba sa gabatar da kowa, kuma suna son gajarta suna. A wajen Burton harafin E kaɗai na nufin Elizabeth. Kada ka wahalar da kanka da kowane suna: wanda ya fito sau uku shi ya cancanci shiga jerin, sauran bar su su wuce. Za ka lura cewa waɗanda suka fi yawan fitowa ba taurari ba ne. Sakatare ne, direba, mai kwalliya, wakilin da ke nemo aiki, likita. Su ne ainihin mutanen da ke cikin ranar jarumi. Bayanan ƙasan shafi kuwa, karanta su a shafuka talatin na farko, daga nan sai wanda ka ga bukatarsa.

Mataki na 5: Tafi da shi a hankali, kuma a jere

Jarabar farko ita ce buɗe fihirisar sunaye da ke bayan littafi, ka nemo tauraron da ka sani, ka karanta abin da aka ce a kansa. Kowa yana yi, ba laifi a yi sau ɗaya don a kashe ƙwarin ido. Amma daga nan koma shafin farko.

Raba karatun bisa aiki, ba bisa adadin shafi ba. Rayuwar ɗan wasa tana tafiya ne zango-zango: a kawo masa labari, a yi ciniki, a yi gwaji, a tafi lokeshan ko a hau dandamali, a gama, a jira, fim ya fito, masu sharhi su yi magana. Ɗauki zango guda a zama guda. Wata biyu ko uku na rayuwarsa ya ishe ka a rana. Wanda ya haɗiye shekara biyar a dare ɗaya ba zai ji tsawon jiran da ke cikinsu ba, alhali jira shi ne rabin wannan sana'a. Ana iya kiran jarumi tun duku-duku, a yi masa kwalliya, ya wuni a ɗaki, a ɗauki minti biyu da yamma. Da yawan abin da ke cikin waɗannan littattafai a irin wannan zaman aka rubuta shi, kuma gundurar tana shiga alƙalami.

Salon kowa daban, kuma shi zai nuna maka saurin da za ka yi. Rickman gajerun layuka yake yi: ƙarfe kaza, wuri kaza, da wane da wane, sai jimla ɗaya mai kaifi. Ana karanta shi da sauri, amma jimlar nan ɗaya a tsaya a kanta. Burton yakan zauna gaban tafireta ya zuba shafuka a kan littafin da ya karanta ko yarintarsa a Wales. Palin ya saba rubuta labarin jiya da safiyar yau, shi ya sa nasa ya fi natsuwa: fushin ya kwana ya huce.

Mataki na 6: Tambayi kanka wa yake rubuta wa

Wannan ne matakin da na fi ba muhimmanci. Mun saba ɗauka cewa dayari sirri ne tsakanin mutum da takarda, saboda haka duk abin da ke ciki gaskiya ce tsirara. A wajen shahararre abin bai cika zama haka ba. Ya san ana sayen takardun irinsa, ya ga an buga na waɗanda suka gabace shi, kuma ya saba da 'yan kallo.

Elizabeth Taylor tana karanta dayarin Burton, wani lokaci har ta sa hannu ta rubuta nata a ciki. Da zarar ka san wannan, shafukan sun canza. A ce ka tarar jiya ya rubuta cewa sun yi mummunan faɗa, yau kuma ga dogon sakin layi yana yabon kyanta, yana zagin kansa da halinsa in ya sha. Kana iya karanta shi a matsayin nadamar mutum shi kaɗai a ɗaki. Kana kuma iya karanta shi a matsayin biko, wasiƙar da aka ajiye inda aka san za a gani. Sau da yawa duka biyun ne a lokaci guda, kuma ba sai ka zaɓi ɗaya ba. Abin da ake so shi ne ka lura da lokacin da murya ta sauya: jimloli suka yi tsawo, kalmomi suka yi ado, aka fara bayanin abin da mai rubutun ya riga ya sani. Mutum ba ya yi wa kansa bayanin wane ne yayansa. In ka ga bayani irin wannan, akwai baƙon da ake yi wa magana.

Williams kuwa an san shi da yi wa mutane barazanar cewa zai saka su a dayarinsa. Wanda ke faɗin haka ya mayar da littafin makami, kuma yana sane da cewa wata rana za a buɗe.

Wannan bai mayar da rubutun ƙarya ba. Yana dai nuna maka inda za ka fi dogara: gajerun bayanai marasa ado, irin su kuɗin da aka biya, sa'ar da aka tashi, maganin da aka sha, sun fi dogayen shafukan tunani aminci. Dogayen su suka fi daɗi, gajerun su suka fi zama shaida.

Mataki na 7: Bi sawun abin da ke maimaituwa

Bayan shafi hamsin ko sittin za ka fara ganin batutuwan da mutumin ba ya rabuwa da su. Zaɓi biyar ko shida, ka ba kowanne harafi, ka riƙa sa shi da fensir a gefen shafi duk inda ya ɓullo. Idan a waya ko kwamfuta kake karatu, launukan alama za su yi wannan aikin.

A Burton za ka iya ɗaukar kuɗi, giya, littattafai, raina sana'ar wasa, Wales, da Ifor. Bayan ka yi nisa, juya shafukan da sauri kana kallon gefe kawai. Za ka ga waɗanne haruffa ne ke zuwa tare, wanne ke ƙaruwa, wanne ya ɓace. Mutumin da duniya ta sani da lu'ulu'u da jirgin ruwa na alfarma, a shafukansa mai son a bar shi ne da littafi, yana ƙirga kwanakin da ya yi bai sha ba, yana burin a kira shi marubuci. Babu rana ɗaya da ta faɗi wannan gaba ɗaya. Tarin ranakun ne ke faɗa.

A Williams haruffan za su zama ciwo, kaɗaici, mahaifiyarsa da ke zaune a gidan da ke jikin nasa, da ƙyamar finafinan barkwancin da suka yi masa suna, waɗanda ya fito a guda 26 daga cikinsu yana ƙorafi yana komawa. Wannan komawar ita ce abin lura. Duk inda abin da mutum ke faɗa ya saɓa da abin da yake aikatawa shekara bayan shekara, sa alama biyu. Rickman ma ya rubuta a ƙarshen 2002 cewa yana son barin finafinan Harry Potter, amma ya ci gaba har na 8 a 2011. Jarida za ta ɗauki layin 2002 ta yi kanu da shi. Kai da ka bi a jere za ka ga shawarar ci gaban ta zo ne a farkon 2006, daidai lokacin da aka yi masa tiyatar sankarar ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara (prostate), kuma za ka auna maganar da wani ma'auni dabam.

Mataki na 8: Karanta giɓi

Ruwa ba ya tsami banza. Duk inda kwanan wata ya yi tsalle, tsaya ka duba takardarka. Giɓi iri uku ne: bai rubuta ba, ya rubuta ya ɓace, ko an cire. Edita nagari yakan faɗa maka wanne ne.

Dayarin Burton ya fara a ƙarshen 1939 yana ɗan makaranta mai shekara 14, da wasan ƙwallon zari-ruga, silima da jarrabawa. Bayan 1940 sai shiru, in ban da ɗan abin da ya rubuta a 1960. Shekarar 1962 a birnin Rum, inda soyayyarsa da Taylor ta tayar da ƙura a duniya wajen ɗaukar fim ɗin Cleopatra, babu ita sam. Gundarin littafin daga 1965 ne zuwa Maris 1972. Daga nan alƙalami ya tsaya, a watan da Ifor ya rasu, kuma shekarun da suka biyo baya su ne na shaye-shaye mafi muni, kwanciya asibiti da mutuwar aure. Da ya dawo a 1975, akwai kwanaki a jere da abin da ya rubuta kalma ɗaya ce tak, sunan abin da ya wuni yana sha.

Darasin da ke nan ya shafi kowane dayari: mutum yakan yi rubutu ne lokacin da yake da natsuwar zama. Mafi daɗin kwanaki da mafi muninsu sukan wuce ba a rubuta ba. Littafin da ke hannunka hoton tsakiyar rayuwa ne, gefe biyun kuwa sai ka nemo su a wani wuri.

Mataki na 9: Gwada shi da wasu shaidu

Ba kowane shafi za ka bincika ba. Zaɓi al'amura uku ko huɗu da suka faru a bainar jama'a, ka ga yadda bakinsa ya zo da na wasu. A Burton akwai sayen lu'ulu'un nan mai karat 69 a Oktoban 1969, wanda kamfanin kayan ado na Cartier ya kayar da Burton a kansa a gwanjo a New York, shi kuma ya bi ya saya daga hannunsu a kan dala miliyan 1.1. Akwai bikin Oscar na Afrilun 1970 da John Wayne ya doke shi. Akwai zamansa da shugaban Yugoslabiya, Tito, a 1971, lokacin da zai fito a matsayinsa a fim. Kowanne akwai rahoton jarida na lokacin, akwai hotuna, akwai abin da wasu da ke wurin suka rubuta daga baya. Karanta nasa tukuna, sannan nasu. Abin dubawa shi ne me ya bari, me ya ƙara wa gishiri, a ina ya sa kansa a tsakiyar fage.

Finafinan kuma a kalle su bayan an karanta zangonsu, ba kafin nan ba. Za ka sha mamakin yadda ranar da ya ce ya yi abin kunya ta fito da kyau, wadda ya yaba wa kansa kuma ba ta da armashi. Ɗan wasa ba ya ganin kansa lokacin da yake yi, kuma abin da ya yi sai ya bi ta hannun mai tace hoto.

Ka kuma san 'yan abubuwa game da zamanin. Kafin 15 ga Fabrairun 1971 fam ɗin Ingila sule 20 ne, kowane sule kuma peni 12, don haka lissafin tsofaffin shafuka ba zai yi kama da na yau ba. Har zuwa 1968 sai ofishin Lord Chamberlain, wani babban jami'in fadar sarautar Ingila, ya amince kafin a nuna wasa a dandamalin Birtaniya, shi ya sa za ka ji ana ƙorafin an cire layi. Yawon da taurarin wancan lokaci ke yi daga ƙasa zuwa ƙasa, suna ƙirga kwanakin da suka yi a Landan, galibi gudun haraji ne, domin wuce adadi yana mayar da mutum mazaunin da za a caje shi.

Mataki na 10: Yi adalci ga waɗanda aka zaga

Duk wanda aka yi wa tatas a dayari ba ya nan don ya kare kansa. Burton ya fito a shirin talabijin na Lucille Ball, 'yar wasan barkwancin Amurka, a 1970, ya koma ya rubuta kalamai masu ɗaci a kanta da har yau ake yawo da su. Abin da ka samu a nan shi ne yadda ya ji a makon, daga bakin mutumin da bai saba mace ta ba shi umarni a wurin aiki ba, a kan matar da ta shugabanci babban kamfanin shirya finafinai. Kafin ka yanke hukunci, yanzu ne lokacin amfani da fihirisa: bi sunan mutum a duk inda ya fito. Sau da yawa wanda aka kira wawa a Maris shi ne aka yi kewarsa a Satumba.

Za ka kuma ci karo da kalamai a kan mata, launin fata ko wasu al'ummu da ba za su karɓu ba. Kada ka wanke shi da cewa zamani ne, domin a zamanin ma akwai waɗanda ba sa faɗin haka. Sa musu harafi kamar sauran batutuwa, su shiga lissafin ko wane ne shi. In za ka kawo wata magana tasa a rubutunka ko a shafin sada zumunta, haɗa da shekara da abin da ke faruwa a lokacin.

Mataki na 11: Shafukan ƙarshe

Kai ka san ranar da zai mutu, shi bai sani ba. Wannan yakan sa mai karatu ya ga ishara a kowane layi. Williams ya yi rubutunsa na ƙarshe ranar 14 ga Afrilun 1988, layi ne na yanke ƙauna, washegari aka tarar ya rasu sakamakon yawan maganin barci. Da yawa sun ɗauki layin a matsayin sallama. Sai dai mai binciken musabbabin mutuwa bai yanke cewa kashe kansa ya yi ba, ya bar hukuncin a buɗe, kuma wanda ya bi littafin a jere ya san ya sha rubuta irin wannan a shekarun baya, ya wayi gari ya tafi aiki. Alamun fensirinka na mataki na 7 su za su hana ka gaggawa a nan.

Na Rickman ya kai Disambar 2015, layukan suna ƙara gajarta, kuma ko a nan bai yawaita magana a kan ciwon ajalinsa ba. Na Burton ya tsaya ne a 1983, ana tsakiyar gwajin wani wasan dandamali da Taylor a New York, fiye da shekara guda kafin rasuwarsa. Babu wasiyya, babu kalmar ƙarshe, kuma yawancin dayari haka suke katsewa.

In ka gama, kafin ka buɗe tarihin rayuwar da wani ya rubuta a kansa, zauna ka rubuta shafi guda da kanka: batutuwan da suka fi yawa, manyan giɓi, wurare uku da bakinsa ya saɓa da na wasu, da tambayoyin da suka rage maka. Da waɗannan tambayoyi za ka shiga tarihin rayuwar, sannan wasiƙunsa in an buga su, domin a wasiƙa za ka ji yadda yake magana da mutumin da ya zaga a ɓoye.

Mai son ganin asalin takardun kuma yana da hanya. Na Burton suna ma'adanar Jami'ar Swansea. Babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan ya karɓi na Guinness a 2013, na Williams a 2015, takardun Palin kuma a 2017. Ana bukatar katin mai karatu kafin a shiga, kuma yana da kyau a rubuta musu tun da wuri a tambayi kundin da ake so, domin akan rufe sassan da suka shafi mutanen da ke raye.